Yadda na gyara kek ɗin tukunya da ke ƙone min

Littattafan soyayya ne suka ja ni. Kowace jaruma sai ta ajiye wa baƙo kek a faranti, ni ma na ce sai na gasa nawa a ƙauyenmu na gefen Ringim, ba obin ba lantarki.

Sau uku ƙasan yana ƙonewa ƙurmus, tsakiya ɗanye. Na zargi fulawa, na canza. Na ƙara bekin hoda, ya kumbura ya faɗa, ga ɗaci. Ashe wutar ce.

Na zuba wankakken yashi busasshe a tukunya, kaurin yatsu biyu, na rufe ya ɗau zafi minti 10 a kurfoti. Sannan na kwashe rabin garwashin. Gwangwanayen madara na shafa wa bota, ƙullin rabi kawai na zuba a kowanne. Na jera su kan yashin, na rufe, garwashin da na kwashe na ɗora shi kan murfin. Ban buɗe ba sai bayan minti 25, don yawan leƙe ma yana sa kek ya faɗa. Na soka tsinke, ya fito a bushe.

Alhamdulillahi, Allah ya saka wa Yaya da ta ce in duba wutata.