Yadda Za Ka Kafa Node na Bitcoin a Kwamfutarka

Tun farko ka sani, node, wato kwamfutar da ke gudanar da manhajar Bitcoin, ba haƙar Bitcoin ba ne, ko sisi ba zai kawo maka ba. Aikinsa tantance kowace hada-hada da kansa, ba sai ka dogara da wani ba.

1. Tanadi kwamfuta mai faifan SSD na terabait 1 ko fiye, domin kundin hada-hadar Bitcoin ya haura gigabait 600.

2. Sauko da manhajar Bitcoin Core daga bitcoincore.org kaɗai. Kafin ka girka, kwatanta lambar tantance fayil ɗin (SHA256) da wadda ke cikin SHA256SUMS, wato jerin lambobin tantancewa da ke shafin. Mutane kan tsallake wannan, alhali nan ɓarayi ke shigowa.

3. Da ka buɗe, za ta fara jawo tarihin gaba ɗaya tun daga tubalin farko (tubali shi ne ƙunshin hada-hada) na Janairun 2009, tana bincikar kowane ɗaya. Nan ne haƙuri ke aiki: kwanaki ake yi. Idan faifanka ƙarami ne, rubuta prune=550 a fayil ɗin bitcoin.conf, sai ta riƙa goge tsofaffin tubala bayan ta tantance su. Amma fa datar da za ta ci ba ta raguwa, don haka kada ka gwada da datar waya.

4. Buɗe ƙofa (port) mai lamba 8333 a na'urar intanet ɗinka (router), sauran node su iya riskarka.

5. Haɗa kwamfutar da inbata ko UPS, wato na'urar ajiyar wuta. Ɗauke wuta ana cikin rubutu na iya lalata bayanan, ka koma baya. In za ka kashe, rufe manhajar tukuna, ka jira saƙon rufewar ya ɓace.