Yadda Za Ka Kare Gidanka Daga Danshi, Gara, Ɓera da Maciji a Ƙasar Fadama

Magidanci a Argungu ko Birnin Kebbi ko Yawuri, in ya wayi gari gara ta cinye masa katakon ƙofa, abin da ya fara zuwa ransa shi ne wane magani zai sayo. Kafin maganin akwai tambayar da ta fi shi muhimmanci: ta ina ruwa ke shiga gidan? Garar da ke ɓarna a gine-gine a cikin ƙasa take zaune, ba ta jure bushewa, shi ya sa take gina wa kanta hanyar laka a jikin bango. Danshi ke kiran ta. Hatsi da tsaki suna kiran ɓera, ɓera da kwaɗi kuma su ke jawo maciji. Wanda ya bi wannan jerin daga tushe ya rage wa kansa kashe kuɗi.

Lokacin aikin shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, ƙasa a bushe, kafin ruwa ya sauka. In aka kai Agusta sai dai a yi ta ciko.

Gano inda danshin yake fitowa

Danshi iri uku ne, kowanne da maganinsa. Wanda ke tasowa daga ƙasa yana tsayawa a gindin bango, da wuya ya wuce mita 1, kuma yana barin farin gishiri mai kama da kanwa, fenti ya yi ta ɓarewa. Wanda ke zuwa daga rufi ko indararo daga sama yake saukowa, tabonsa dogo. Na uku famfo ne ko bututun banɗaki da ke yoyo cikin bango, za ka gane shi domin ko da rani wurin ba ya bushewa.

Daɓen ɗaki kuwa gwada shi ake yi. Yanko leda mai kauri, kamar santimita 45 kowane gefe, ka shimfiɗa a kan simintin, ka liƙe gefunan huɗu da salatif, ka bar ta kwana guda. In ka ɗaga ka ga jiɓi a ƙarƙashinta ko simintin ya yi duhu, ruwan daga ƙasa yake. In a samanta ne raɓar ta taru, ɗakin ne ba ya samun iska.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a rufe bango mai danshi da tayil ko fentin mai. Ruwan bai tafi ko'ina ba, an dai toshe masa mafita, sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin. Haka ma yaɓa siminti a kan ginin ƙasa: siminti ba ya kama jar ƙasa da kyau, ruwa na shiga bayansa ya kwanta, gara ta samu inuwa da laima, wata rana ɓawon ya faɗo gaba ɗaya. Ginin ƙasa yaɓen ƙasa yake so, da makuba in an samu, a riƙa sabunta shi kafin damina.

Kore ruwa daga gindin gini

Ƙasar da ke kewaye da ɗaki dole ta gangara waje. Ma'aunin shi ne ta sauka da kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Ka yi cikon da jar ƙasa ko marmara, a yayyafa ruwa a daddaɓe. Yashi zalla bai dace ba, ruwa ratsa shi yake yi. Amma kada cikon ya hau bango har ya kai tsayin daɓen ciki. A bar aƙalla santimita 15 tsakanin ƙasar waje da layin da magina ke kira DPC, wato shimfiɗar da ake sawa a gindin bango don hana danshi hawa, in ba haka ba kai da kanka ka gina wa ruwa da gara gada.

Bayan haka sai dakalin siminti kewaye da ginin, faɗin santimita 60 zuwa mita 1, kauri santimita 7 zuwa 10, shi ma da ɗan gangare. Kwaɓin buhun siminti 1, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa ya wadatar. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Wanda aka bari ya bushe a ranar Afrilu zai tsattsage, kuma ta tsagar gara za ta bi. Inda dakalin ya haɗu da bango nan ne ya fi buɗewa, a duba shi duk shekara a cike.

Indararo ya zuba nesa da bango, a sa dutse ko guntun bulo inda ruwan ke faɗuwa don kada ya haƙa rami. Rariyar tsakar gida a yashe ta, a sa mata ragar ƙarfe a baki. Randa da tulu da wurin alwala a ɗan janye su daga jikin ɗaki, don ɗigon kullum ya fi ruwan sama na kwana ɗaya jiƙa tushe.

Mai sabon gini shi ya fi kowa sa'a. Kafin a zuba kankaren daɓe a shimfiɗa baƙar leda mai kauri a kan yashi mai laushi, inda biyu suka haɗu ɗaya ta hau ɗaya da santimita 30, gefenta ya ɗan hau bango. Leburori kan huda ta da shebur ko tsakuwa mai kaifi, saboda haka ka tsaya a wurin ranar zubi. A unguwar da ruwa ke kwanciya, musamman bayan abin da aka gani a ambaliyar 2020, ƙara layin bulo biyu ko uku a tushe ya fi duk wani ado da za a yi wa gidan.

Gara

Alamunta a bayyane suke: hanyar laka mai kaurin fensir a bango, katakon da in ka ƙwanƙwasa sai ka ji fanko, da tarin fukafukan shinge a cikin ɗaki bayan ruwan farko. In ka ga hanyar, karya tsakiyarta ka dawo bayan kwana biyu ko uku. In an gyara, suna nan.

Fesa maganin sauro a kansu ɓata kuɗi ne, 'yan aikin da ke waje kawai yake kashewa, uwar tana can ƙasa tana ƙwai. Maganin ƙasa ake zubawa, mai sinadarin fipronil ko imidacloprid. Waɗannan ba sa korar gara, tana ratsawa ta kwasa ta kai wa sauran, don haka kada ka ce bai yi aiki ba don ba ka ga gawa washegari ba, yakan ɗauki makonni. A haƙa rami siriri a bin gindin bango, faɗi santimita 15, zurfi kamar 30. A gauraya maganin daidai yadda takardar kwalbar ta faɗa, a zuba kimanin lita 5 a kowace mita, a jiƙa ƙasar da aka tono ita ma kafin a mayar. Kada a yi shi a ƙasa mai jiƙe sharkaf ko hadari na haɗuwa. In akwai rijiya kusa da ɗakin, a bar wannan hanyar gaba ɗaya, domin ruwan fadama a kusa yake, kuma fipronil na kashe kifi.

Sauran aikin na hannu ne. Itacen girki, kara, tsofaffin kwalaye da kututturen bishiya duk a raba su da jikin bango. Ƙafar katakon ƙofa kada ta shiga ƙasa, a ɗora ta kan siminti. Azarar giginya da ta ƙosa tana da wuyar ci ga gara, amma katakon rufi na kasuwa sai an shafe shi da maganin katako na Solignum ta kowace fuska, har da bakin da aka yanka da zarto, wanda kafintoci kan manta.

Rumbu da ɗakin ajiya

Sararin da ke ƙarƙashin rufewa ko rumbu shi ne wurin da ba a cika leƙawa ba. Ya kamata in ka durƙusa ka hango haske ta ɗaya gefen. A kwashe tarkace, a nome ciyawa kewaye, a kankare duk hanyar gara da ta hau duwatsun. Kaji masu kwana da ƙwai a nan suna gayyato gamsheƙa, gara a yi musu akurki daban.

A ɗakin ajiya buhu ba ya taɓa daɓe ko bango. Ɗora shi kan katako, santimita 15 daga ƙasa, rabin mita daga bango, yadda mutum zai zagaya. Shinkafa shanshera ta bushe sosai kafin ajiya. Ga gwaji: zuba hatsin a busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, ka rufe ka girgiza, ka bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar shanya. Wake da masara buhun PICS mai hawa uku ya ishe su ba tare da magani ba, muddin ba a huda ledar ba. Ƙwayar Phostoxin kuwa, wadda ake sa wa hatsi don kashe ƙwari, iskar da take fitarwa tana kisa, tana kuma ratsa bango da silin. Kada a taɓa sa ta a ɗakin da ke haɗe da inda mutane ke kwana.

Ɓera

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɓera ma haka. Ƙarami yana wuce ramin milimita 6, babba 12. Duba ƙasan ƙofa, inda bututu ya ratsa bango, da tsakanin bango da kwanon rufi. Rami a cusa masa fasassun kwalabe a bi da kwaɓin siminti 1, yashi 4. Tsumma da katifa da kwali cinye su yake yi. Ƙasan ƙofar katako a buga mata guntun kwano.

Tarko a jera shi a jikin bango, bakinsa na fuskantar bangon, don ɓera gefe yake bi. Ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a ɗaure da zare. Tarko da yawa a dare ɗaya ya fi guda ɗaya na tsawon wata. Guba tana da matsala biyu, yara da kaji na iya kaiwa gare ta, kuma ɓeran kan mutu cikin silin ya yi wari.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, daga fitsari da kashin ɓera yake, ya kuma fi yawa da rani. Kada a share kashin a bushe. A jiƙa shi da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, a jira minti 5, a kwashe da safar hannu ko leda. Abinci a rufe shi a mazubi mai murfi.

Jemagun silin a bari su fita da magariba sannan a toshe hanyar da ragar waya, in kuwa akwai 'ya'ya ciki a dakata sai sun fara tashi. Bututun iska na salga shi ma a ɗaure masa raga, murfin ramin ya zauna daidai, kyankyasai da ƙudaje za su ragu.

Maciji da kunama

Babu hodar da za ka barbaɗa ka dogara da ita. Tarin bulo, duwatsu da itace su ne maɓoyarsu, a ɗaga su daga ƙasa a nisanta da ɗakin kwana. In ruwa ya cika fadama macizai tudu suke nema, lokacin ne ake ƙara kula: tocila da dare, kakkaɓe takalmi da safe, kwana kan gado cikin gidan sauro da aka cusa ƙarƙashin katifa.

In an yi sara, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da abin hannu, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti nan take. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum zai iya zama kamar lafiya lau na sa'o'i kafin jini ya fara fita ta dasashi, saboda haka ba a jiran alama. Wanda gamsheƙa ta tofa wa dafi a ido a yi ta wanke idon da ruwa mai tsabta mai yawa, sannan shi ma a kai shi asibiti.