Kurakuran da muke yi wajen kiwon tumaki, musamman maganar kalsiyum

Jama'a masu kiwo a Kaduna, wannan maganar ta kalsiyum, sinadarin da ke gina ƙashi, tana cin mana tumaki ba kaɗan ba. Jikin tunkiya yana da nasa tsarin, akwai wasu 'yan ƙananan kaluluwa a wuyanta da ake kira paratayirod, in kalsiyum ya yi ƙasa a jini sai su saki wani sinadari da ake kira homon da zai je ya kwaso shi daga ƙashi, ya sa ƙoda ta riƙe shi, ya kuma taimaka wa bitamin D ya jawo shi daga abinci. Mu ne muke rikita tsarin.

Babban kuskure shi ne dusa zalla. Dusa tana da sinadarin fosforos da yawa, kalsiyum kaɗan, alhali ana so kalsiyum ya kusan ninka fosforos sau 2. Shi ya sa ragon layyar da aka tsare a gida safe dusa yamma dusa, wata rana sai ka ga yana ta nishi, yana harbin ciki, fitsari na ɗiga kaɗan kaɗan ko ya tsaya gaba ɗaya, tsakuwa ce ta toshe hanya. Wanda aka dandaƙe tun yana ƙarami ya fi shiga haɗari don hanyar fitsarinsa ba ta buɗe sosai ba. A haɗa masa da harawar wake ko ta gyaɗa, ruwa kuma kada ya yanke. Kanwa ma a rage, yawanta yana taimaka wa tsakuwar.

Sai tunkiya mai ciki. Cikinta wata 5 ne, kuma a makonni 6 na ƙarshe ɗan ya fi girma, yana ta jan kalsiyum don ƙashinsa. A irin wannan lokacin ne wasu za su loda ta a mota zuwa kasuwar dabbobi ta Zango ta yini ba ci, ko a canza mata abinci dare ɗaya, homon ɗin ba ya iya cike giɓin da sauri haka. Sai ta fara rawar jiki, ta kwanta ta kasa tashi. Don Allah kar a ce iska ce, a kira likitan dabbobi ya yi mata allurar kalsiyum, kuma kar ka yi da kanka ta jijiya, in ta shiga da sauri tana iya tsayar da zuciya.

Gishirin lasa kuma a duba kwalin. Na shanu yakan zo da sinadarin kofa (wato jan ƙarfe) mai yawa, tumaki kuwa hantarsu na tara shi har ya kashe su. A nemi wanda aka rubuta na tumaki ne.