Inda ɗaliban fizik ke zubar da maki a relatibite da kwantum

Ɗalibin da ya fito da bak C ko D ya shiga karatun fizik, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi ko a wata, yakan fara da ƙafar dama, domin dokokin Newton ne da lantarki, abubuwan da ya saba da su tun lise. Ana kaiwa ga relatibite (fizik ɗin Einstein kan lokaci, tazara da saurin haske) da kwantum (fizik ɗin ƙananan ƙwayoyi irin su elektron) sai maki ya fara tsiyaya. Hujjar da ake kawowa kullum ita ce darasin ya fi ƙarfin hankalin ɗan Adam. Ni ban yarda ba. Duba takardun da suka ci 6 ko 7 bisa 20, za ka tarar ba zurfin falsafa ya kayar da masu su ba. Kurakurai ne sanannu, waɗanda ake maimaitawa aji bayan aji, kuma kusan duk da biro da kaye ake gyara su.

Na farko yana faruwa tun ba a shiga aji ba. Yaro ya kalli bidiyo a YouTube ko TikTok kan baƙin rami da tafiya cikin lokaci, ya zo fada da dare yana ba abokai labari ana zagaya shayi, har ana ce masa Einstein. Ranar TD, wato ajin gwada lissafi, a ba shi lissafi mai lambar i, wadda in an ninka ta da kanta take ba da -1, sai ya yi tsuru-tsuru. Kwantum da lissafi ake rubuta shi: lambobi masu i, matiris (jadawalin lambobi), entegiral, da ekwasiyon ɗin da ke bayyana kaɗawar abu mai lilo. Wanda ya tsallake waɗannan da ƙyar a shekarar farko, ya koma musu lokacin hutu, kafin a fara darasin. Idan ba za ka iya fitar da ƙimomin matiris mai layi biyu da hannu ba, ka ajiye zancen magen Schrödinger, sanannen misalin nan na kwantum, tukuna.

A relatibite, uwar kurakurai ita ce fara lissafi ba tare da an faɗi wanda ke awo ba. Ɗauki misalin muwon, wanda malamai ke son kawowa. Ƙwayar nan tana samuwa can sama a sararin samaniya, kuma matsakaicin rayuwarta, a agogon da ke tafiya tare da ita, mikrosakan 2.2 ne (mikrosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan). Ko da saurin haske take gudu, a wannan ɗan lokaci mita 660 kawai za ta ci, amma ga shi ana kama ta a doron ƙasa. A ce tana gudu da 0.998 na saurin haske, gamma, wato lambar da ke nuna yawan miƙewar lokaci da tsukewar tazara, ya kai kusan 15.8. Mu da ke ƙasa, a agogonmu rayuwarta ta miƙe zuwa kusan mikrosakan 35, wanda ya ishe ta cin kilomita 10 da ɗoriya. Ita kuwa muwon, agogonta bai canza ba, tazarar kilomita 10 ɗin ce ta tsuke mata zuwa mita 630 da wani abu. Bayani biyu, amsa ɗaya.

To ga abin da ake gani a takarda: ɗalibi ya ninka lokacin da 15.8, a layi na gaba kuma ya raba tazarar da 15.8, ya haɗa su a lissafi guda. In ka nuna masa sai ya ce, "Malam, ai duka biyun suna cikin darasi." Suna ciki, ƙanena, amma agogon wa ke hannunka? Maganin ba wuya. Kafin ka taɓa kalkuleta, ja layi ka raba shafi biyu, ka rubuta "mai awo a ƙasa" a dama, "mai tafiya da ƙwayar" a hagu. Kowace lamba ta zauna a ɓangarenta, kada ta ƙetare sai ta hanyar ƙa'idar Lorentz, wadda ke juya awon wannan zuwa na wancan. Kuma ka riƙe wannan: lokaci mafi gajarta tsakanin aukuwa biyu shi ne wanda agogon da ya halarci duka biyun ya auna. Shi ake ninkawa da gamma, ba shi ake rabawa ba. Da wannan kaɗai za ka daina juya ƙa'idar baibai.

Sai haɗa gudu. Motoci biyu da suka yi gaba da gaba a hanyar Maradi zuwa Dan Isa, kowace na gudun kilomita 80 a awa, direban ɗaya yana ganin ɗayar na tunkaro shi da 160, kuma daidai ne. Da wannan sabo ɗalibi ke haɗa 0.8 da 0.8 na saurin haske ya rubuta 1.6, har ya ja masa layi biyu. A relatibite sai an raba 1.6 ɗin da 1.64 (wato 1 + 0.8 × 0.8), amsar ta dawo kusan 0.976. Duk lokacin da lissafinka ya ba wani abu mai nauyi gudun da ya wuce mita 299,792,458 a sakan, kada ka miƙa takardar, koma baya.

Irin wannan tarko ne ke cikin ½mv², tsohuwar ƙa'idar makamashin abu mai gudu. A ba elektron makamashin elektron-volt (eV) miliyan ɗaya, a nemi gudunsa. Da tsohuwar ƙa'ida za ka samu kusan ninki biyu na saurin haske. Dabarar ita ce ka fara kwatanta makamashin da aka ba shi da mc² ɗinsa (m nauyinsa, c saurin haske), wanda ga elektron 511 keV ne, wato eV 511,000. In abin da aka ba shi ɗan kaɗan ne a kan wannan, Newton ya isa. In ya kusanto shi ko ya wuce, sai da gamma, kuma a nan amsar gaskiya kusan 0.94 ce na saurin haske. Haka nan E = mc² da ake bugawa a riguna ta abin da ke tsaye ce. Cikakkiyar ita ce E² = (pc)² + (mc²)², inda p ke nufin ƙarfin tafiya, kuma daga ita ake gane yadda foton, ƙwayar haske da ba shi da nauyi ko kaɗan, yake da makamashi.

Akwai kuma masu cewa Einstein ya nuna babu abin da ke tabbatacce, kowa da gaskiyarsa. Wannan zancen bakin titi ne. Aikinsa na 1905 ya ginu ne a kan abin da ba ya canzawa: saurin haske ɗaya ne ga kowane mai awo, dokokin fizik ma haka. Kuma abin ana amfani da shi kullum. Agogunan taurarin GPS suna riga na ƙasa da kusan mikrosakan 38 a rana, 45 na ƙari saboda raunin jan ƙasa a can sama, a cire 7 saboda gudunsu. Ba don an gyara wannan ba, da taswirar wayarka ta ɓatar da kai.

Mu koma kwantum. Tambayar haske da ke fizgo elektron daga ƙarfe tana cin mutane fiye da kima, alhali a kanta aka ba Einstein kyautar Nobel ta 1921, ba a kan relatibite ba. Kuskuren shi ne zaton in an ƙara ƙarfin haske, elektron zai fito da ƙarin gudu. A'a. Ƙarin haske yana ƙara yawan waɗanda ke fitowa ne, makamashin kowane ɗaya kuwa launin hasken ke yanke shi. Hanyar lissafi mai sauri: raba 1240 da tsawon igiyar hasken a nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na mita), ka samu makamashin foton a eV. Koren haske mai nanomita 550 yana ba da kusan 2.25 eV. Allon sola da ke kan rufin shaguna yana aiki da irin wannan iyaka: silikon na buƙatar kusan 1.1 eV, don haka hasken da igiyarsa ta wuce nanomita 1100 ba ya ba shi wuta, komai yawansa. Ɗan jihar Maradi bai kamata ya ga fizik ɗin hasken rana a matsayin baƙo ba, tunda Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa ne a 1929, kuma a binciken makamashin rana ya yi suna.

Psi ma, wato alamar lissafin da ke bayyana halin ƙwaya a kwantum, ana yi mata mummunar fahimta. Ba hanyar da elektron ke bi tana lanƙwasa ba ce. Tun 1926 Max Born ya bayyana cewa murabba'in girmanta ke nuna yiwuwar samun ƙwayar a wuri kaza. Saboda haka jimillar yiwuwar dole ta zama 1, kuma wanda ya manta daidaita psi kafin ya ci gaba, duk abin da ya biyo baya ya gurɓace. Na sha ganin yiwuwa 2.4 a takarda. Abu ba ya faruwa fiye da ɗari bisa ɗari.

Ƙa'idar rashin tabbas ta Heisenberg, ta 1927, ɗalibai kan rubuta cewa don na'urorinmu ba su da kyau ne. Ko an kawo na'urar da babu kamarta, babu wani hali na ƙwaya da wurinta da ƙarfin tafiyarta za su kasance takamaimai a lokaci guda. Haka "mai awo" a kwantum ba ya nufin idon mutum ko tunaninsa, na'ura ce ko duk wani abin da ya yi mu'amala da ƙwayar. Masu jawo wannan cikin gardamar ruhi da ƙaddara, su yi a fada in sun so, amma kada ya shiga takardar jarrabawa.

Game da yadda ake karatun kansa, abu ɗaya zan faɗa. Ɗaukar hoton gyaran TD a waya ba karatu ba ne. Karanta gyara yana sa mutum ya ji kamar ya gane, sai ranar jarrabawa a canza lamba ɗaya ya rasa ta inda zai kama. Rufe gyaran, yi aikin da kanka, in ka maƙale ka leƙa layi ɗaya ka sake rufewa. Ku haɗu ku uku ko huɗu a gaban allo, kowa ya riƙe alli bi da bi, har mai jin kunyar faransancinsa. In ya kama a yi bayanin da Hausa kafin a rubuta, a yi.

Sauran kuskure guda, ƙarami a ido amma mai cin maki: musanya h, lambar Planck, da ħ, wato h da aka raba da 2π. Tsakaninsu akwai 2π, kuma a ƙa'idodin matakan makamashi murabba'insu ke shiga, wato kusan ninki 39.5. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, don haka haddace ƴan lambobin da za ka riƙa gwada amsa da su: matakin ƙasa na haidirojin -13.6 eV, sai elektron a cikin akwati mai faɗin nanomita 1, wanda matakinsa na farko kusan 0.38 eV ne, kuma daga n = 1 ake fara ƙirga matakan, ba daga sifili ba. In ka yi wannan lissafin ka ga 14.8 eV, ka sa h a gurbin ħ. In ka ga 0.0095, ka sa ħ a gurbin h.