Yadda ake gasa kashu a gida

Jama'ar zangon Kumasi, in an kawo muku ɗanyen kashu daga Techiman ko Wenchi don Allah kar ku fasa shi haka nan, ɓawon akwai wani mai a ciki da ke cin fata. Ku fara shanya shi a rana ya bushe, sai a huda tsohon kwano a ɗora kan wuta a waje, ba cikin ɗaki ba saboda hayaƙin, ana juyawa da doguwar sanda har ya kama wuta ya yi baƙi, a zube a ƙasa a watsa toka, in ya huce a fasa. Ƙwayar tana da furotin da mai mai kyau. Shi kuwa jan ɗan itacen da ƙwayar ke rataye ƙasansa ku sha abinku, bitamin C ɗinsa ya fi na lemu, amma fa ruwansa na ɓata riga.