Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen furosesa idan za a haɗa kwamfutar gem da kuɗi kaɗan

A garuruwa irin su Gaya, Ringim, Dambatta da Gumel, matasa sun fara haɗa kwamfutar tebur da hannunsu, wasu domin buga eFootball ko GTA V a ɗaki, wasu kuma domin buɗe ƙaramin gidan gem a bakin kasuwa. Kuɗin da ake shiga Kano da su yawanci na guminsu ne, wani ya sayar da riɗin da ya noma, wani ya jira ɗaukar adashe, saboda haka abin takaici ne a ga sun salwanta a kan furosesar da ba ta dace ba, alhali ita ce ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ra'ayina shi ne arahar furosesa ba a farashinta kaɗai ake gane ta ba, sai an haɗa da kuɗin madabod (faifan da ake ɗora dukkan sassa a kansa) da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) da wutar da za ta riƙa sha, sannan a ga abin da ya rage na katin girafik, wanda ke sarrafa hoton da ke fita a allo.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne sayen suna. Mutum zai shiga shago a Beirut Road ya ce shi i7 yake so, domin ya ji ana cewa i7 ta fi i5, ita kuma ta fi i3. Wannan magana gaskiya ce kawai idan duk 'yan zubi ɗaya ne. Core i7-3770 ta fito ne a 2012 da ƙwayoyin aiki huɗu, ita ma Core i3-12100F ta 2022 ƙwayoyinta huɗu ne, amma shekara goma na ci gaban ƙira da ke tsakaninsu sun sa ƙaramar ta yi wa babbar fintinkau a kowane gem. Gyaran wannan kuskure ba shi da wuya: a karanta lambar da ke bayan ɗan layin da ke bin i3 ko i5 ko i7, a cire lambobi uku na ƙarshe, abin da ya rage shi ne zubin. A 3770 za a ga 3, a 12100 kuma 12. Tsufan zubi yana da wasu illoli da mai shago ba lallai ya ambata ba. Intel, mai ƙera jerin Core, ba ta sa AVX2, wani rukunin umarni na saurin lissafi, a furosesocinta ba sai daga zubi na huɗu a 2013, kuma akwai sababbin gem da ba sa ko tashi idan babu shi. Haka nan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na takwas na Intel da Ryzen 2000 na kamfanin AMD take farawa.

Irin wannan ruɗi ne ke jan wasu zuwa ga tsofaffin furosesocin Xeon na Intel da ake haɗawa da madabod mai araha daga Caina. Xeon E5-2670 v3 tana da ƙwayoyi 12, adadin da ke cika ido, sai dai an ƙera ta ne a 2014 domin manyan kwamfutocin ofis, gudunta na asali gigahaz 2.3 ne, kuma an ƙiyasta mata wat 120. Yawancin gem sun fi amfana da ƙwayoyi shida masu sauri a kan goma sha biyu masu nawa. Shi ma gigahaz ɗin ba a kwatanta shi tsakanin zubi daban-daban.

Sai kuma batun harafin da ke ƙarshen suna, wanda ya sa mutane da dama suka koma gida, suka haɗa komai daidai, suka kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin. A wajen Intel, harafin F yana nufin babu girafik a cikin furosesar, dole sai da kati na daban. A wajen AMD kuwa, a soket AM4 (soket shi ne mazaunin furosesa a kan madabod), al'amarin a juye yake: Ryzen 5 3600 da 5500 da 5600 duk ba su da girafik, sai masu G a ƙarshe irin su 5600G. Wanda kuɗinsa ba su kai na kati ba yanzu, 5600G ce ta dace da shi, domin za ta ɗauki eFootball da GTA V idan an rage ƙyallin hoto, daga baya ya ƙara kati idan hali ya samu. Amma akwai sharaɗi da ake yawan mantawa da shi: girafik ɗin cikinta daga RAM take cin abinci, don haka sanda biyu masu gigabait 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 nesa ba kusa ba, ko da yake jimillarsu ɗaya ce. Wanda kuma ya riga ya mallaki kati, 5600 ta fi masa, saboda ma'ajiyar kusa da ke cikinta, wadda ake kira L3, megabait 32 ce, ta 5600G da 5500 kuwa 16 ce, kuma gem na jin wannan bambanci. Harafin K na Intel, mai nufin ana iya ƙara wa furosesar gudu da hannu, ba na mai neman sauƙi ba ne, tun da ba ya zuwa da fanka a kwali, kuma ba a cin moriyarsa sai da madabod mai tsada ta jerin Z.

Madabod ce wurin da araha ke komawa tsada. Soket AM5 da AMD ta fitar a 2022 ba ya karɓar kowace RAM sai DDR5, alhali AM4 yana aiki da DDR4 wadda ake samu ta hannu cikin sauƙi. Madabod ta LGA1700, wadda i3-12100F da i5-12400F ke zama a kai, iri biyu ce, akwai mai DDR4 akwai mai DDR5, kuma ramin ɗaya ba ya karɓar sandar ɗayan. Tsohuwar madabod B450 tana ɗaukar Ryzen 5000, amma sai an sabunta BIOS ɗinta, wato manhajar da ke tayar da ita, aikin da sau da yawa ke buƙatar wata tsohuwar furosesa. A birni wannan matsalar minti kaɗan ce, amma ga wanda ya riga ya isa ƙauyensu a bayan Haɗeja, kuɗin mota ne zuwa da dawowa da asarar yini guda. Kada a bar shago sai an ɗora furosesar a kan madabod ɗin da za a tafi da ita, an sa RAM, an ga hoto a allo. Farashi kuwa yana bin dala, don haka a tambayi kuɗin ukun a haɗe a ranar da za a saya, a kwatanta jimilla da jimilla.

Abin da masu ba da shawara daga ƙasashen sanyi ba sa lissafawa, mu kuma ba mu da damar mantawa da shi, shi ne wuta da zafi. Kwamfutar da za ta rayu a kan sola da inbata ko ƙaramin janareta, kowane wat ɗinta kuɗi ne na batir ko na fetur. Ryzen 5 5600 da i5-12400F duk an rubuta musu wat 65, amma ta Intel tana iya hawa har 117 idan aiki ya yi nauyi, ta AMD kuwa iyakarta a saitin kamfani 76 ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma ɗaki mai rufin kwano ke daɗa ɗumama, furosesa mai shan wuta da yawa takan rage gudunta da kanta domin kada ta lalace, sai mai ita ya biya kuɗin ƙarfin da ba ya samu. Idan hunturu ya shiga, ƙura takan cushe tsakanin haƙarƙarin fankar har ta zama kamar auduga, kuma hure ta lokaci-lokaci tare da sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka yana dawo da gudun da ake zaton tsufa ne ya cinye.

Game da kayan hannu, ban ga laifinsu ba, domin furosesa tana cikin sassan da suka fi jure shekaru. A juya ta AM4 a duba ƙananan alluran da ke ƙarƙashinta a wajen haske, ko ɗaya ta lanƙwashe ko ta karye. A Intel kuwa alluran suna cikin soket ɗin madabod ne, can za a leƙa. A kuma duba sunan da BIOS ko manhajar CPU-Z ta nuna, ba rubutun da ke kan murfi kaɗai ba.

Bayan an kauce wa duk waɗannan, akwai masu zuba rabin kuɗinsu a furosesa su bar katin girafik da ragowar canji, alhali a yawancin gem katin ne ke ɗaukar mafi nauyin aiki. Ryzen 5 5600 ko i5-12400F sun isa su tafiyar da kati irin RX 6600 ko RTX 3060 ba tare da sun riƙe masa ƙafa ba, kuma kuɗin da za a ƙara a hau Ryzen 7 ko i7 sun fi amfani a kan kati mafi ƙarfi, ko akwatin wuta mai inganci da sitabilaiza, musamman a garin da wuta ke zuwa da ƙarfi yanzu, anjima ta yi ƙasa.