Yadda Ake Shirya Taron Addu'a na Tsakiyar Mako a Majami'ar Ƙauye

A ƙauyukan da ke kewayen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila da Rogo a jihar Kano, da kuma wajajen Roni a jihar Jigawa, akwai ƙananan majami'u na Hausawa Kirista waɗanda galibin jama'arsu manoma ne. Da yawa daga cikinsu na ECWA ne, ekklesiyar da ta fito daga aikin ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission (SIM) ta kuma tsaya da ƙafafunta a 1954, akwai kuma na Angilika da Katolika da Baptis da HEKAN (Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya). Ba kowace majami'a ce take da fasto zaunanne ba, saboda haka taron addu'a na tsakiyar mako, wanda aka fi yi ran Laraba, yakan faɗo a hannun mai bishara ko ɗaya daga cikin dattawa ko shugabar zumuntar mata. Wannan bayani domin wanda aka ɗora wa wannan nauyi ne, kuma abin da ya kamata ya riƙe tun farko shi ne cewa jama'a sun zo ne su yi addu'a da bakinsu, aikinsa kuwa shi ne ya share musu hanya.

Sa lokaci shi ne abu na farko, kuma a ƙauye lokacin taro yana bin aikin gona ne. Da rani ana iya haɗuwa da misalin ƙarfe huɗu na yamma a tashi kafin biyar da rabi, domin mata su samu su ɗora tukunyar tuwon dare. Da damina kuwa, daga shuka har zuwa maimai, wanda ya yini a sunkuye yana noma ba zai bar gona da la'asar ya zo majami'a ba, in ma ya zo gyangyaɗi zai yi. A irin wannan lokaci ya fi kyau a mayar da taron zuwa sassafe kafin a fita gona, a taƙaita shi zuwa rabin awa, ko kuma a kai shi bayan cin abincin dare. Idan Laraba ta zo daidai da ranar kasuwar da mutanen garin suke ci, babu laifi a koma Talata ko Alhamis, domin babu wata ayar da ta ɗaure taron addu'a da Laraba. Dattawa ne za su yanke wannan shawara bayan sun ji ta bakin mata, sannan a yi sanarwa a sujadar Lahadi sau biyu a jere kafin sabon lokacin ya fara aiki.

A buga ƙararrawa sau biyu, ko da tsohuwar garma ce aka rataye a bishiya: bugun farko domin a yi shiri, na biyu domin a fara. Idan na biyu ya yi, a fara da waɗanda suka iso ko da mutum uku ne, gama alkawarin da ke cikin Matta 18:20 ya ambaci biyu ko uku ne. Majami'ar da ta saba jiran a cika tana koya wa masu zuwa da wuri su ma su riƙa makara.

Game da wuri, ana iya yi a cikin majami'a, ana kuma iya zagayawa gida-gida, kuma a ganina zagayawar ta fi amfani a inda gidaje suke warwatse cikin gonaki, domin tsoho da makaho da mai jego waɗanda ba sa iya tafiya mai nisa su ma taron yana riskarsu. Wannan ba sabon abu ba ne, tun da Ayyukan Manzanni 12:12 ya nuna masu bi sun taru suna addu'a a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus a daren da Bitrus ya fito daga kurkuku. Sai dai a kafa doka tun farko cewa mai masauki ba zai dafa komai ba, ruwan sha ya isa, domin da zarar gida ɗaya ya dama kunu ko ya raba goro, gidan da rumbunsa ya yi ƙasa a watan Agusta zai fara neman dalilin da zai sa a tsallake shi. A shimfiɗa tabarmi a kewaye, maza a gefe ɗaya mata a ɗaya kamar yadda aka saba, amma kusa da juna yadda muryar tsohuwa za ta kai kunnen kowa. Idan da dare ne, a tabbata an sa fitilar sola a rana tun da safe, a ajiye ta kusa da mai karatu.

Shirin mai jagora yana farawa ne tun ran Lahadi. Ya samu littafin rubutu guda na musamman, ya riƙa shigar da abubuwan roƙo da kwanan wata, ya bar fili a gefen kowanne domin rubuta yadda al'amarin ya ƙare. Ya zaɓi nassi gajere, aya biyar zuwa goma, ya karanta shi da murya a gida kafin ranar. Hausawa suna da cikakken Littafi Mai Tsarki cikin harshensu tun 1932, kuma har yanzu akan tarar da tsohuwar fassara a hannun dattawa, matasa kuma suna riƙe da sababbi, wasu ma a cikin waya. Saboda haka ya kamata mutum ɗaya ya karanta daga fassara ɗaya sauran su saurara, maimakon karatun aya-aya da ke rikita wanda bai yi makaranta ba. Haka kuma ya sanar da waɗanda zai kira su yi addu'a tun kafin a zauna. Ya isa ya je wurin dattijo a ƙofar majami'a ya rusuna ya ce, “Baba, in an gama waƙa ina roƙo ka yi mana addu'a domin marasa lafiya,” ya kuma ce wa shugabar mata, “Mama, ke ce za ki ɗauki 'yan makaranta da waɗanda suka tafi cin rani.” Wanda aka kira ba zato yakan maimaita abin da na gabansa ya faɗa ne kawai.

Awa ɗaya ta isa, kuma rabonta shi ne inda yawancin tarurruka suke lalacewa. A ba waƙa minti goma, ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, ɗaya kuma irin gajerun da mata suke rerawa da tulu da tafi, waɗanda kowa ya haddace. A ba karatu da ɗan bayani minti goma, a ba shaida da karɓar abubuwan roƙo minti goma, sauran rabin awar kuma a bar wa addu'a ita kanta, kada a taɓa shi. Abin da aka fi gani shi ne mai jagora ya buɗe nassi da niyyar faɗin kalma biyu, ya zarce da wa'azi na minti arba'in, sa'an nan ya dubi rana ya ce wani ya rufe mana da addu'a. An yi taro ke nan, amma ba a yi abin da ya tara mutane ba. Wa'azi yana da ranarsa, nazarin Littafi Mai Tsarki ma yana da tasa. Dabarar da take taimakawa ita ce mai jagora ya ba wani matashi agogo ko waya, ya kuma ba shi izini a gaban jama'a ya ɗaga hannu idan minti goma sun cika.

A wajen karɓar abubuwan roƙo ne ake bukatar hankali fiye da ko'ina. A ƙauye kowa ɗan'uwan kowa ne ko surukinsa, kuma maganar da aka faɗa a taro da yamma tana iya kaiwa bakin rijiya kafin hantsi. Mai jagora ya faɗa a fili, ya kuma riƙa maimaitawa, cewa abin da aka ji a nan ba a fita da shi. Kada ya yarda a kawo laifin wanda ba ya wurin da sunan neman addu'a, irin a ce a yi wa wane addu'a domin ya koma shan burkutu, ko 'yar wane an gan ta da wani a kasuwa. Wannan tsegumi ne, kuma hanyarsa ita ce dattijo ya je ya sami mutumin shi kaɗai. Rikicin miji da mata da maganar bashi da gardamar iyakar gona duk a kai su wurin dattawa a keɓe. Wanda yake da damuwar da ba ya so ya bayyana yana iya cewa yana da roƙo a zuciya, a yi masa addu'a a haka ba tare da tambaya ba. A kuma kiyaye kunya irin tamu: mace ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, saboda haka idan ta ce maigida ba shi da lafiya ko yaron nan ya yi tafiya, kada mai jagora ya matsa mata ta faɗi suna domin ya rubuta.

Ita addu'ar, tsarin da ya fi sauƙin bi shi ne a fara da yabo, a bi da furta zunubi, sai godiya, sai roƙo. Furta zunubi a yi shi shiru na minti ɗaya ko biyu, kowa tsakaninsa da Allah, sa'an nan mutum ɗaya ya rufe a madadin duka. Roƙo kuma a kasa shi kashi-kashi, a ambaci abu ɗaya a yi addu'a a kansa kafin a ambaci na gaba, domin wanda aka jero wa abubuwa goma sha biyu a lokaci ɗaya na farko da na ƙarshe kawai zai tuna. Kada roƙon ya tsaya kan bukatun gida kaɗai. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti 2:1-2 ta umarta a yi addu'a domin dukan mutane da sarakuna da masu mulki, wanda a wurinmu ya haɗa da mai unguwa da dagaci da hakimi da sarki da shugaban ƙaramar hukuma da gwamna, ya kuma haɗa da maƙwabta Musulmi waɗanda ake shan rijiya ɗaya da su, ake kuma zuwa suna da jana'izar juna. A tuna da masu bishara da ke aiki a wurare masu nisa, da ruwan sama, da zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya.

Ekklesiyoyi sun bambanta wajen yadda ake furtawa. A wasu mutum ɗaya ne yake yi sauran su amsa da amin, a wasu kowa yana ɗaga murya lokaci guda, Angilika suna da rubutattun addu'o'i da ake amsawa, Katolika kuma sukan haɗu su yi rosari, wato addu'ar da ake yi da carbi, musamman a watan Mayu da Oktoba. Kowa ya bi koyarwar ekklesiyarsa, muddin an kiyaye abin da 1 Korantiyawa 14:40 ta ce game da yin kome bisa tsari. Amma akwai matsalar da ta shafi kowa: saurayi ba zai buɗe baki a gaban mahaifinsa ba, amarya kuma ba za ta yi addu'a da murya a gaban uwar mijinta ba, sai a shekara ana jin muryoyi huɗu ko biyar kaɗai. Maganin wannan shi ne a raba jama'a uku-uku ko huɗu-huɗu na minti goma, dattawa wuri ɗaya, matan aure wuri ɗaya, samari daban, 'yan mata daban, a ba kowane rukuni abu biyu. A nan ne mai jin nauyi yake koyon addu'a, kuma a gaya masa jimla biyu ma addu'a ce. Wanda ya saba jan addu'a har mutane su fara motsi kuwa, kada a katse shi da waƙa a gaban jama'a, domin tozarci ne. A same shi daga baya, a tuna masa gargaɗin Matta 6:7 game da yawan magana, a kuma ba shi abu ɗaya tak a mako mai zuwa.

Idan an ambaci mara lafiya, kafin a tashi a sa mutum biyu su je gaishe shi su yi masa addu'a, kamar yadda Yaƙub 5:14 ya ɗora wa dattawa. Idan yaro ne mai zazzaɓi a tsakiyar damina, lokacin da cizon sauro ya fi yawa, a tambaya ko an kai shi asibiti, in kuɗin mashin ne ya hana a haɗa nan take. Idan magidanci ne ya kwanta gonarsa tana neman ta ɓaci, a sa ranar gayya. A rufe da Addu'ar Ubangiji tare, a faɗi alherin da ke ƙarshen Korantiyawa ta biyu, a sallami jama'a a kan lokaci.

Akwai tarurruka na musamman da suke bukatar ƙarin shiri, kamar makon addu'a na farkon shekara, da Ranar Addu'a ta Duniya da mata suke yi a Juma'ar farko ta watan Maris, da addu'ar faɗuwar damina, da kwanan addu'a na daren shiga sabuwar shekara. Duk wanda zai kai dare, a sanar da mai unguwa tun da wuri, a rage lasifika ko a kashe ta gaba ɗaya idan dare ya yi, a kuma lura da lokacin sallar maƙwabta. A shirya wanda zai raka mata da 'yan mata gida, ko kuma kowa ya zauna har gari ya waye. Idan an haɗa da azumi, a faɗa a fili cewa masu ciki da masu shayarwa da masu shan magani ba dole ba ne a kansu.

Sau ɗaya a wata, mai jagora ya buɗe littafin nan ya karanta abubuwan da aka roƙa a baya, ya tambayi inda kowanne ya kwana, a rubuta amsa a gefe, wanda ya warke a yi godiya, wanda ya rasu a yi wa iyalinsa addu'a, wanda har yanzu ana jira a mayar da shi sabon shafi. Ya kuma riƙa ba wani matashi ko wata daga zumuntar mata jagorancin taron sau ɗaya cikin makonni huɗu, shi yana zaune a gefe, ya yi musu gyara bayan an watse, domin akan canja wa masu bishara wurin aiki, kuma ranar da aka ɗauke shi ya kamata a sami wanda zai karɓi littafin ya buga ƙararrawa ran Laraba.